LH da FSH sun hau, testosteron ya sauka: yadda ake karanta gwajin jini bayan rauni a maraina

Tambaya: Assalamu alaikum, likita. Shekarata 34, ina da mata ɗaya da 'ya ɗaya. Watanni bakwai da suka wuce na yi haɗarin babur na bugu a maraina, aka yi mini tiyata aka cire ɗan marainan hagu, na dama kuma ya yi makonni a kumbure kafin ya sace. Tun daga lokacin nake fama da kasala, sha'awata ta ragu ƙwarai, har iyalina ta fara damuwa. Na ba da jini da misalin ƙarfe biyu na rana bayan na ci abinci, sakamakon ya nuna testosteron 6.4 nmol/L, LH 17.8 IU/L, FSH 26.3 IU/L, furolaktin kuma 18 ng/mL, kuma an yi wa dukkansu alama a takardar. Wani abokina ya ce LH da FSH daga ƙwaƙwalwa suke fitowa, don haka wataƙila ƙari ne ya fito mini a kai, wani mai kemis kuma ya ce in fara allurar testosteron kawai. Ina son ƙarin haihuwa. Me wannan sakamako yake nufi?

Amsa: Wa alaikumus salam, malam. Allah ya ƙara sauƙi, ya kiyaye na gaba. Ban duba ka da hannuna ba, saboda haka abin da zan yi shi ne in karanta maka lambobin nan kamar yadda zan karanta su da ka ajiye takardar a kan teburina, sannan in gaya maka abin da ya rage a bincika. Abokinka ya yi gaskiya a rabin maganarsa, domin LH da FSH daga cikin kai suke fitowa, amma hawan da suka yi a jininka shi ne babbar shaidar cewa wurin da yake samar da su lafiyarsa ƙalau. Sakamakonka yana nuni ne zuwa ga ɗan marainan da ya rage, kuma can ya kamata hankalinka da kuɗinka su fara tafiya.

A ƙasan ƙwaƙwalwa, bayan idanu, akwai wani ɗan ƙullutu mai girman ƙwayar wake da ake kira fituwitari, nauyinsa bai wuce rabin giram da wani abu ba. A samansa akwai wani sashe na ƙwaƙwalwa mai suna haifotalamus, wanda yake sako masa sinadarin GnRH a tsittsinke, kamar sau ɗaya a kowace awa ɗaya da rabi zuwa biyu. Duk lokacin da wannan saƙo ya iso, sai fituwitari ya saki LH da FSH cikin jini, su gangara har maraina. A can aikinsu ya rabu biyu. LH yana umartar ƙwayoyin Leydig, waɗanda suke zaune a tsakankanin siraran bututun da ke cikin ɗan maraina, su haɗa testosteron. FSH kuma yana aiki a kan ƙwayoyin Sertoli da ke cikin bututun kansu, waɗanda su ne masu renon ƙwayoyin maniyyi tun suna danyu har su nuna. Wato ɗan maraina masana'anta biyu ce a rumfa ɗaya, kowacce da mai ba ta umarni, kuma ɗaya tana iya lalacewa ta bar ɗaya.

Abin da ya sa gwajin yake da amfani shi ne saƙon ba hanya ɗaya yake bi ba. Testosteron da maraina suka haɗa yana komawa sama ta jini ya shaida wa ƙwaƙwalwa cewa aiki ya yi, sai ta rage LH. Ƙwayoyin Sertoli su ma suna aika nasu sinadarin, inhibin B, wanda yake sa a rage FSH. Ka ɗauka mai gona ne a bakin gona yana kallon 'yan ƙwadago. Muddin kunya tana tafiya, ba ka jin muryarsa sosai. Idan aiki ya tsaya, sai ya ɗaga murya, idan bai ga canji ba ya ƙara ɗagawa. Wanda ya ji ihun daga nesa zai iya zaton mai gonar ne ba shi da lafiya, alhali ihun yana nuna idonsa biyu ne kuma ya ga abin da ke faruwa. LH 17.8 da FSH 26.3 ihun nan ne. A yawancin ɗakunan gwaji iyakar LH ta sama ga namiji baligi tana kusa da 9, ta FSH kuma kusa da 12, don haka naka kowanne ya kai ninki biyu, kuma duk da wannan kira testosteron bai amsa ba. Likitoci suna kiran wannan yanayi gazawar da ta samo asali daga maraina, don a bambanta ta da gazawar da ta samo asali daga kai.

Shi ya sa ba a karanta LH shi kaɗai, ba a kuma yarda da alamar da na'urar ɗakin gwaji take yi a gefen lamba. Na'urar tana kwatanta kowace lamba da jadawalinta ne ɗaya bayan ɗaya, ba ta san alaƙar da ke tsakaninsu ba. Sakamakon da ya fi tayar mini da hankali a irin wannan aiki shi ne wanda babu alama ko ɗaya a layin LH. Da a ce testosteron ɗinka yana 6.4 amma LH ya fito 3 ko 4, takardar za ta ce LH daidai yake, kai ma ka samu natsuwa, alhali a nan ne matsalar take. Fituwitari mai lafiya ba ya yin shiru yana kallon testosteron a ƙasa haka. LH da ya tsaya a tsakiyar jadawali a lokacin da ya kamata ya yi sama, daidai yake da mai gonar da aka same shi yana barci a inuwa gona tana lalacewa, kuma a wannan hali ne muke juyawa mu binciki kai. Naka bai yi barci ba.

Akwai gyara ɗaya a yadda aka ɗauki jinin. Testosteron yana kai ƙololuwarsa da sassafe bayan barcin dare, ya riƙa sauka zuwa yamma, kuma ga mai shekarunka bambancin safiya da la'asar yana iya kai kashi ɗaya cikin huɗu. Cin abinci, musamman mai zaƙi ko sitaci, shi ma yana saukar da shi na ɗan lokaci. Ƙa'idar ita ce a ɗauki jini tsakanin ƙarfe 7 zuwa 10 na safe, kafin karin kumallo, a ranar da mutum ba ya zazzaɓi ko wata jinya, sannan a maimaita a wata ranar daban, domin kusan mutum uku cikin goma da gwajinsu na farko ya nuna ƙasa, na biyu yakan fito daidai. Mai aikin dare sai ya ba da jini bayan ya tashi daga barcinsa mai tsawo, ko da rana ce. Ka kuma lura da ma'aunin da aka rubuta a gefen lamba, domin a garuruwanmu wani ɗakin gwaji yana amfani da nmol/L, wani ng/dL, wani kuma ng/mL, kuma na sha ganin mutum ya shigo a firgice saboda sakamakonsa ya sauka daga 310 zuwa 3.1, alhali abu ɗaya ne aka auna da mudu biyu. Lambarka ta 6.4 nmol/L daidai take da kusan 185 ng/dL ko 1.85 ng/mL. Ƙungiyar likitocin mafitsara ta Amurka tana ɗaukar ƙasa da 300 ng/dL a matsayin ƙaranci, wato kusan 10.4 nmol/L, a Turai kuma ana kallon ƙasa da 8 a matsayin ƙaranci bayyananne, tsakanin 8 da 12 kuma wurin da sai an haɗa da alamomin jiki kafin a yanke hukunci.

Ina so ka maimaita gwajin, amma ba zan ɓoye maka ba cewa ban sa ran ya wanke ka gaba ɗaya ba. Ko mun ƙara wa 6.4 kashi ɗaya cikin huɗu saboda lokacin da aka ɗauka, 8 za mu samu, kuma cin tuwon rana ba ya ninka LH. Hawan LH shaida ce mai zaman kanta cewa jikinka da kansa yana ganin testosteron bai isa ba. Idan gwajin safe ya faɗo tsakanin 8 da 12, to a nan ne ake auna SHBG, wani furotin da hanta take haɗawa mai riƙe testosteron a jini. Ƙiba da ciwon suga suna rage shi, sai jimillar testosteron ta yi kamar ta yi ƙasa fiye da gaskiya, ciwon hanta da tsufa da wasu magungunan farfaɗiya kuma suna ƙara shi, sai jimillar ta yi kyau a takarda alhali wanda jiki yake iya amfani da shi kaɗan ne.

FSH ɗinka ya fi LH hawa, kuma haka aka saba gani bayan rauni. Bututun da ke haɗa maniyyi su ne suka cike mafi yawan ɗan maraina, kusan kashi 80 cikin 100 na girmansa, kuma sun fi ƙwayoyin Leydig saurin lalacewa idan jini ya taru ya matse su, ko zafi ya yi yawa, ko jini ya daina isa. Saboda haka FSH ne yake fara tashi, shi ne kuma yake daɗewa a sama, har ana samun mutanen da testosteron da LH nasu daidai suke amma FSH kaɗai ya hau, waɗanda ba su da wata matsala a shimfiɗa sai dai haihuwa ta yi wuya. FSH ya kuma fi LH tsayawa wuri ɗaya, domin LH yana hawa da sauka cikin sa'o'i bisa ga yadda GnRH yake zuwa, ta yadda 17.8 na yau zai iya zama 13 ko 21 gobe ba tare da wani abu ya canja ba. Kada ka ɗauki irin wannan motsi a matsayin sauƙi ko tsanani.

Sai dai FSH ba ya ƙirga ƙwayoyin maniyyi. Yana gaya mana cewa an taɓa masana'antar, amma bai faɗi ko ta tsaya cik ba. Na ga mai FSH sama da 20 da aka samu miliyoyin ƙwayoyi a maniyyinsa, na kuma ga wanda ba a samu ko ɗaya ba. Amsar tambayarka ta haihuwa tana cikin gwajin maniyyi, wanda ake yi bayan an ƙaurace wa iyali kwana 2 zuwa 7, a kai samfurin ɗakin gwaji cikin awa ɗaya, a kuma maimaita. Mizanin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2021 ya sa iyakar ƙasa a ƙwayoyi miliyan 16 a kowace mililita, amma wannan ba katanga ba ce tsakanin mai haihuwa da marar haihuwa, domin mutane suna samun rabo da ƙasa da haka. Ƙwayar maniyyi tana ɗaukar kimanin kwana 74 kafin ta kammala, shi ya sa ba a gwadawa kafin watanni uku da rauni. Kai ka wuce wannan, don haka yanzu ne lokacinsa.

Akwai tambayar da ba ka yi ba, wadda ita ce ta fi damuna. Ɗan maraina ɗaya mai lafiya yakan ishi namiji. Waɗanda aka cire wa ɗaya saboda murɗewar jijiya ko wani dalili, yawancinsu testosteron ɗinsu yana zama daidai, suna kuma haihuwa, sai dai FSH da LH su ɗan ɗaga kaɗan saboda wanda ya rage yana aikin biyu. Cire na hagu kaɗai bai isa ya bayyana lambobinka ba. Na daman ma ya taɓu, kuma dole a san ko haɗarin ne ya taɓa shi ko da ma can yana da rauni. Kumburin da ya yi makonni yana iya zama dalili, domin jinin da ya taru a cikin fatar da ke lulluɓe da ɗan maraina yana matse shi har ya motse daga baya. Likitan mafitsara zai taɓa ya ji ko ya yi laushi, ya auna shi da wani abu mai kama da carbi wanda kowace ƙwayarsa take da girma daban, inda na baligi yakan kai mililita 15 zuwa 25, sannan a yi sikanin don a ga girmansa da yadda jini yake shiga, da kuma ko jijiyoyin jini sun kumbura a kewayensa.

Zai kuma tambaye ka tarihi, kuma ina so ka tuna tun yanzu. Ka taɓa yin hangum bayan ka balaga, har maraina suka kumbura? Rigakafin hangum ba ya cikin alluran da ake yi wa yara kyauta a Najeriya, saboda haka cutar tana yawo, kuma idan ta kama namiji baligi takan sauka maraina a kusan mutum ɗaya cikin huɗu, wani lokaci ta bar ɗan marainan a motse ba tare da mai shi ya lura ba. An taɓa yi maka aiki kana yaro saboda ɗan maraina bai sauko ba? Kana da sikila? Akwai kuma wata halitta da ake haihuwar namiji da ita, ciwon Klinefelter, inda yake da ƙarin ƙwayar gado ta X, ana samunta a kusan namiji ɗaya cikin 600, kuma tana ba da irin lambobinka sak, tare da 'ya'yan maraina ƙanana masu tauri. Kasancewar ka haihu ba tare da wani taimako ba ya sa wannan ya yi nisa ƙwarai, na ambace shi ne don wasu sai bayan haɗari ake gano abin da suka daɗe da shi.

Furolaktin, wanda shi ma sinadari ne da fituwitari yake fitarwa, 18 ɗin da ya nuna bai dame ni ba. Ya ɗan haura iyakar da yawancin ɗakunan gwaji suke sawa ga maza, wadda take kusa da 15, amma tsoron allura kaɗai yana iya ɗaga shi haka, haka ma cin abinci, da saduwa da iyali, da magunguna irin su metokulofuramaid na amai da wasu magungunan tabin hankali. Ƙarin fituwitari mai fitar da furolaktin, idan babba ne, yakan kai lambar sama da 200, kuma aikinsa shi ne ya danne LH da FSH, ba ya ɗaga su. A maimaita shi tare da gwajin safe bayan ka zauna ka huta na ɗan lokaci. Gaskiya ne akwai wani nau'in ƙari da yake fitar da FSH, amma ba kasafai yake ɗaga LH tare da shi ba, kuma ba shi ake fara nema ba ga mutumin da aka san ranar da ya bugu da wurin da ya bugu.

Duk da haka akwai abubuwan da za su sa in canja magana. Babur da ya kayar da mutum bai zaɓi inda zai buga ba, kuma buguwar kai, musamman wadda ta kai ga suma, tana iya raunana fituwitari, alamun kuma su bayyana bayan watanni. Idan ka suma a haɗarin, ko kana fama da ciwon kai da ba ka saba da shi ba, ko ganinka ta gefe ya ragu har kana karo da ƙofa ko ba ka ganin abin hawa sai ya zo daf da kai, ko ƙishirwa da fitsari sun yi yawa fiye da ƙima, ko jiri yana ɗibarka idan ka miƙe, ka gaya wa likita, domin a auna sinadarin kotisol na safe da sinadaran maƙoshi, a kuma duba ko ana bukatar hoton MRI. Ana yin wannan hoto ne idan testosteron ya yi ƙasa ƙwarai, kamar ƙasa da 150 ng/dL, tare da LH da bai hau ba, ko furolaktin ya ci gaba da hawa, ko akwai waɗancan alamomi. Ba tare da su ba, kuɗin MRI gara ka kashe su a gwajin maniyyi da sikanin.

Wani abu kuma da yake rikita karatun shi ne maganin ciwo. Na tuna wani matashi ɗan acaba da ya zo mini bayan rauni irin naka, testosteron ɗinsa a ƙasa sosai, LH kuma 2 da ɗigo kaɗan. Lambobin ba su dace da labarinsa ba, na yi ta juya takardar ina tunanin hoton kai. Sai da na tambaye shi sau uku, bayan yayansa ya fita daga ɗakin, ya zaro sacet ɗin tiramadol daga aljihun gaban rigarsa ya ajiye a kan tebur, ya ce tun daga asibiti aka fara ba shi, da ya koma aiki kuma ya ga ba ya iya wuni a kan babur sai da shi. Tiramadol da kodin da danginsu suna danne GnRH tun daga sama, sai LH ya yi shiru ko da maraina suna neman agaji. Haka deksametason da wasu suke sha don su yi ƙiba, haka ƙiba mai yawa ita kanta, haka jinya mai tsanani. Bayan an taimaka masa ya rabu da ƙwayar sannu a hankali, sai LH ya tashi, testosteron ya biyo shi, ya zamana raunin marainan nasa bai kai yadda muka zata ba. Idan kana shan wani abu makamancin wannan, faɗinsa ga likita ya fi kowane gwaji amfani.

Yanzu maganar mai kemis. Allurar testosteron za ta iya dawo maka da kuzari da sha'awa, kuma mai yiwuwa ne a ƙarshe ka bukace ta, amma idan ka fara ta yau za ka iya rufe ƙofar haihuwar da kake nema. Dalilin yana cikin abin da na bayyana a sama. Idan testosteron ya shigo daga waje, ƙwaƙwalwa za ta ga jini ya cika, sai ta janye LH da FSH. Haɗa maniyyi kuwa yana bukatar testosteron da aka haɗa a cikin ɗan marainan kansa, inda yawansa yake ninka na jini sau 50 zuwa 100, kuma allura ba ta iya kai shi wannan matsayi. Sakamakon shi ne ƙwayoyin maniyyi su ragu ƙwarai ko su ɓace, har an taɓa gwada wannan allura a matsayin hanyar tazarar haihuwa ga maza. Masu lafiyayyun maraina yawancinsu suna farfaɗowa cikin watanni 6 zuwa 12 bayan sun daina, amma mai ɗan maraina ɗaya da ya riga ya raunana ba shi da wannan tabbaci. Ba a fafe gora ranar tafiya: a yi gwajin maniyyi tukuna, idan an samu ƙwayoyi ku nemi rabo yanzu, ko a adana su a daskare a cibiyoyin taimakon haihuwa irin waɗanda ake da su a Abuja da Legas. Idan ba a samu ko ɗaya ba a gwaji biyu, akwai tiyatar da ake nemo ƙwayoyi daga cikin ɗan marainan da madubin ƙara girma, ana kuma dacewa a wasu mutanen ko da FSH ya hau, sai dai tana da tsada, kuma ga mai guda ɗaya sai an auna ribarta da haɗarin ƙara raunana shi.

Za ka ji ana ambaton kulomifin ko allurar hCG a matsayin maganin da yake ɗaga testosteron ba tare da kashe maniyyi ba. Gaskiya ne, amma ga wanda matsalarsa take sama. Kulomifin yana sa fituwitari ya ƙara fitar da LH, hCG kuma yana kwaikwayon LH ne. Kai kuwa LH ɗinka ya riga ya ninka, ƙara wa mai gona lasifika ba zai tayar da ɗan ƙwadagon da ya karye ba, don haka amfaninsu gare ka kaɗan ne in ma akwai. Magungunan ƙarfin maza da ake tallarsu a tasha da kasuwa su ma ba sa gyara ƙwayoyin Leydig, kuma tunda ba a san abin da aka zuba a cikin da yawansu ba, suna iya ɓata gwajin da za ka maimaita.

Idan gwajin safe biyu suka tabbatar da ƙarancin, aka kuma kammala batun haihuwa ko aka adana maniyyi, to maye gurbin testosteron magani ne na gaskiya, kuma barinsa yana da nasa lahanin, domin ƙaranci mai tsawo yana sa ƙashi ya yi rauni, jini ya ragu, tsoka ta zube. Akwai allurar da ake yi duk mako biyu zuwa uku, akwai mai dogon zango ta kowane mako 10 zuwa 14, akwai kuma na shafawa. Kafin a fara ana auna kaurin jini, a riƙa bibiyarsa, domin idan PCV, wato ma'aunin kaurin jinin, ya haura 54 sai an dakata ko an rage. Daga ranar da ka fara, LH da FSH sun daina ba da labarin marainanka, suna ba da labarin allurar ne kawai, saboda haka saukarsu ba warkewa ba ce, kuma ba a ƙara yawan allura don a kore su zuwa wata lamba. Abin da ake bi shi ne testosteron da aka auna a lokacin da ya dace da nau'in allurar, da kuma yadda kake ji a jikinka.

Watanni bakwai sun isa a ce yawancin farfaɗowar da za a samu ta riga ta bayyana, amma ƙwayoyin Leydig suna da juriya, kuma nakan so in ga gwaji biyu ko uku a tsawon wasu watanni kafin in ce wa mutum zai dogara da allura har abada. Wani lokaci testosteron yana hawa ya shiga jadawali LH kuma ya zauna a sama, ma'ana ɗan marainan yana biyan bukata amma da ƙyar, irin wannan sai a bar shi ana dubawa sau ɗaya a shekara.

Ka je wurin likitan mafitsara ko likitan sinadaran jiki a asibitin koyarwa ko na ƙwararru mafi kusa da kai, ka riƙe takardar tiyatar da aka yi maka da kwalayen duk magungunan da kake sha, har da na gargajiya. Ka nemi a maimaita testosteron da LH da FSH da furolaktin da safe kafin ka karya, a ɗakin gwaji ɗaya kowane lokaci don lambobin su kwatantu, a haɗa da gwajin maniyyi da sikanin na daman, kuma ka rubuta ƙarfe nawa aka ɗauki jinin a saman kowace takarda. Idan da hali ka tafi da maiɗakinka, domin shawarar wanne za a gabatar tsakanin neman haihuwa da fara allura ta shafe ta kamar yadda ta shafe ka, kuma jin bayanin daga bakin likita zai cire mata zargin cewa ita ce ka daina so.